Wa Ya Ce Kifi Ba Ya Ƙarewa?

Jama'a, mu daina yaudarar kanmu. Duk mai shiga kasuwar kifi ta Apo ya san abin da muke gani. A buɗe kwalin banda, ka tarar rabinsa 'ya'yan kifi ne, wasu ba su wuce ɗan yatsa ba. Da ka yi magana sai a ce, "Malam, ruwa na Allah ne, kifi ba ya ƙarewa." To wallahi yana ƙarewa, kuma ko teku ba ta tsira ba.

Mu dubi gaɓar Newfoundland a Kanada. Turawan da suka isa can a 1497 sun ce da kwando ake ɗibar kifin kod, irin wanda ake busarwa a kawo mana daga Norway. An yi ɗaruruwan shekaru ana kama shi da ƙugiya bai ƙare ba. Bayan 1950 sai ga manyan jirage masu jan taru har ƙasan teku, suna kwashe uwa da ɗa. A 1992 dole gwamnati ta hana kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. Da babban kifin ya ɓace, ƙaguwa da jatan lande da yake ci suka cika wurin. Ruwan yana nan, amma abin da ke cikinsa ya sauya.

In teku ta gaza, ina ga Tafkin Kainji da Tafkin Chadi, inda 'yan'uwanmu na Yawuri da Baga ke neman abinci? Mai yin taru da gidan sauro yana kashe karfasar da ba ta taɓa yin ƙwai ba. Abincin baɗi yake ci bana.

Kakanninmu sun fi mu hankali. A Argungu, Sarkin Ruwa kan hana su a Matan Fada sai lokacin biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai girman mutum.

Kada mu ɗora wa masunta laifin duka. Abin da muke saya shi suke kamawa. Dillalanmu na Apo, ku ƙi karɓar kwalin 'ya'yan kifi. Iyayenmu mata, kada araha ta ruɗe ku. Shugabannin kasuwa, ku tsayar da girman da ba a sayar da ƙasa da shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.