Wa Ya Ce Hirar Bulo da Baƙin Mai Ba Adabi Ba Ce?



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin masu tasowa a harkar rubutu, har ta fara zama kamar doka: wai labari ba ya karɓuwa sai an kai shi inda kuɗi suke. Dole jarumi ya zama ɗan hamshaƙin attajiri, ya dawo daga Dubai, ya shiga gidan da marubucin kansa bai taɓa leƙa irinsa ba. Idan kuwa wani ya kawo labarin mutum biyu a kan benci suna maganar kuɗin siminti da motar da ta ƙi tashi da asuba, sai a taɓe baki a ce, "Wannan ai hirar majalisa ce." Mu dai ba mu yarda da wannan hukunci ba, kuma yau za mu faɗi dalili.

Mu ɗauki ƙasar Gumel, wadda muka fi sani. Duk wanda ya zauna a majalisa bayan la'asar a Lautai, ko a Gagarawa, ko a Sule Tankarkar, ya san yadda hira take tafiya. A gaisa, a tambayi iyali, sai wani ya ce, "Malam, ya aikin ginin?" Shi kuwa ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi, yana nan a linta." Marubuci mai gaggawa zai ce ba a faɗi komai ba. Amma kowa a kan bencin ya san damina uku ke nan ginin yana linta. Sun san riɗin da aka sayar aka buga bulo, sun san zoɓon bara bai yi kuɗin da aka sa rai ba, sun san yarinyar da aka sa wa rana tana jiran ɗakin da ba a rufa ba. Bahaushe mai kunya ne da kara, da wuya ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce yana cikin damuwa. A cikin maganar bulo da kwano yake zuba ta, mai kunne ya ji. Wanda ya raina wannan hira ya raina hanyar da mutanenmu suka fi bi wajen faɗin abin da ke ransu.

Haka abin yake ga mota. Direban da ke jigila zuwa Maigatari ranar Alhamis, ranar da kasuwar dabbobi ke ci, idan ya ce ya ƙara wa juyen baƙin mai mako biyu, lissafin gidansa duka yake karanta maka. Ya san sarai jinkirin na iya sa inji ya buga, kuma idan ya buga an tafi maganar kuɗin da ba shi da su. Amma ga kuɗin makaranta, ga balas ɗin mai mota. Wanne zai jira? Wannan shi ne rikicin da ake koya mana cewa labari ba ya tsayuwa sai da shi, ga shi nan kwance a gareji kyauta, an bar shi an tafi neman na aro.

Kuma a bayan hirar akwai tarihi na gaske. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba kuma hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 daga iyaka. Garin da ke bakin iyaka kamar Maigatari ya ji wannan a jikinsa. Sai a Disamba 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Maigatari na ciki. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka ayyana cire tallafin mai, bayan wata biyu aka yi juyin mulki a Nijar aka sake rufe iyaka, har zuwa Maris 2024. A farkon shekarar 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama. Jarida ta kawo sanarwar, ta wuce. Wa ya rubuta yadda abin ya shiga tukunyar mutane? Wa ya rubuta mutumin da ya jingine motarsa ya koma babur, ko wanda ya zana ɗaki huɗu a ƙasa ya ƙare da biyu? Idan marubutan wannan zamani ba su yi ba, jikokinmu za su buɗe littattafanmu su ɗauka kowa a Jigawa yana da direba da mai gadi.

Za a ce mana mai karatu ya gaji da wahala, yana son ya huta, ya ɗan yi mafarki. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a daina labarin soyayya ko na masu kuɗi ba. Amma wa ya ce babu soyayya a cikin gini? Ga mace ta sayar da awakinta, ta kwashi adashi ta miƙa wa maigida aka sayi bandir ɗin kwano aka yi rufi. Ranar tarewa ta zo, sai ta ji ɗakin da ta zaɓa tun yana fandisho amarya za a saka a ciki. 'Yan uwa mata marubuta, wane gidan bene na Abuja ne zai girgiza mai karatu kamar wannan? Ga ƙane ya yi gini a filin mahaifinsu ba a raba gado ba, ranar da aka yi filasta yaya ya zo da maganar rabo. Mai karatu ba zai ajiye irin wannan labari ba, domin ya san gidan, wataƙila ma a cikinsa yake kwana.

Za a kuma ce hirar yau da kullum ba ta da daɗin harshe. Wannan ma ya fi ba mu mamaki. Je ka tsaya wurin bakanike ka ji yadda yake kwatanta ciwon mota kamar yana maganar mutum: tana tari, tana shan mai, ta yi zafi, ta ƙi ɗaukar wuta. Ka ji birkila yana faɗa da lebura a kan kwaɓi, ko direban tifa yana rantsuwa a kan yashin da ya kawo. Lagireto, fulogi, kuloci, linta, rodi, duk baƙin kalmomi ne da bakin Bahaushe ya lanƙwasa suka zama nasa. A gefe guda kuma ga azara, tubali, daɓe, soro, indararo, suna ja da baya tun da bulo da kwano suka karɓe gari. Marubuci ne ya kamata ya riƙe duka biyun. Abin takaici, sai ka karanta shafi ashirin an ce jarumi "ya shiga mota ya ja" sau goma, ba a taɓa jin motar ta kafe a rairayi ba, alhali sunan jiharmu ma daga jigawa ya samo asali, kuma kowane direban ƙauye ya san sai an rage iskar taya ake ratsa yashi.

Ba sabon abu muke kira a yi ba. Tun 1982 Sulaiman Ibrahim Katsina ya gina Turmin Danya a kan fasa-ƙwauri, harkar da mutanen bakin iyaka suka sani ciki da bai. Ya duba abin da ke faruwa a zamaninsa ya mai da shi littafi, har yau ana karanta shi a makarantu.

Sai dai a kula. Kwashe hira kamar yadda aka yi ta a zuba a takarda ba shi ne rubutu ba. Majalisa tana iya cin awa biyu, abin ɗauka bai fi jimla biyar ba. Aikin marubuci shi ne ya gane wace jimla ce ke ɗauke da kaya. Idan Alhaji ya ce, "Bana dai katanga za mu fara ja," me ya hana shi cewa ɗaki? Idan matashi ya wanke motar da ba ta da mai ya ajiye a ƙofar gida, wa yake so ya gani? Ka san farashin abin da kake rubutawa, ka san matakan gini daga haƙa zuwa rufi, ka san bambancin bulo mai inci shida da mai inci tara. Mai karatun da yake birkila zai kama ka a layin farko idan ka yi ƙarya, kuma daga nan ya daina yarda da sauran labarin. Sannan a kiyaye amana: a ɗauki magana, a bar sunan mai ita da sirrin gidansa.

Ga aikin wannan mako ga mai so. A rubuta shafi ɗaya, mutum biyu suna hira a kan gini ko mota ko hidimar safiya, kada ɗayansu ya ambaci damuwarsa da baki, amma mai karatu ya tashi ya san ta. Wanda ya iya wannan ya kama hanya. Wanda kuma yake ganin mun yi tsauri, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa mu tattauna cikin mutunci.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, Ya rufa wa masu gini asiri su ga ranar tarewa. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka ya kai mu.