Wake namu, magani nasu: darasin Percy Julian

Ƴan uwa matasa, yau ba zancen siyasa na zo da shi ba, zancen wake ne.

A yankin Kalaba, kudancin Najeriya, akwai wani wake mai dafi da mutanen Efik ke kira esere. A da, shi ake ba wanda aka zarga da maita: in ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu an ce laifinsa ya tabbata. Turawa suka kai shi Turai, kuma a 1864 wasu Jamusawa biyu suka tace sinadarin da ke cikinsa, fizostigmin. Daga baya likitoci suka gano yana rage hawan ruwan ido, cutar gilokoma, wadda ke cinye gani a hankali ba tare da mutum ya farga ba. Wannan cuta ita ta rufe idon kakata, shi ya sa zancen ya tsaya mini a rai.

Fizostigmin na cikin dangin sinadaran da ƴan shimi ke kira alkaloyid, masu ɗauke da nitirojin, galibinsu daga tsirrai, galibi masu ɗaci. Kun san su: kafeyin na goro da shayi, nikotin na taba, kinin na zazzaɓin cizon sauro. Tace su daga tsiro abu ne ɗaya. Gina su da hannu a cikin labo, tubali bayan tubali, shi ne gwajin gwanaye.

Wanda ya fara gina fizostigmin baƙar fata ne, jikan bayi, Percy Julian, haifaffen Alabama a Amurka a 1899. Sai da ya je Biyana ya samu digirin dokta a 1931. A 1935, a ƙaramar jami'ar DePauw, shi da abokin aikinsa Josef Pikl suka kammala aikin. A hanya suka ci karo da Robert Robinson na Oxford, babban malamin wannan fanni, wanda ya riga ya wallafa sakamako kan wani sinadari da ke kan hanyar. Julian ya fito fili ya ce malam ya yi kuskure. Da shi ne ya kuskure, da sunansa ya mutu nan take. Ya gwada abin da ya haɗa da wanda aka samo daga waken kansa, zafin da suke narkewa ya zo daidai. Ma'auni ya raba gardama.

Ladansa? Jami'ar ta hana shi kujerar farfesa saboda launin fatarsa. A 1936 ya koma kamfanin fenti na Glidden. Can ya duƙufa kan waken soya, wannan dai da ake mana awara, ya buɗe hanyar samar da projestaron da sinadarin da ake yin kotizon da shi, da yawa kuma cikin araha. Ya bar takardun mallakar ƙirƙira sama da 130. A 1950 aka yi yunƙurin ƙona gidansa kusa da Chicago. A 1973 aka zaɓe shi cikin majalisar masana kimiyya ta Amurka, ya rasu a 1975.

Ga inda na dosa. Mu nan, da me muke auna masani? Da babbar riga, da "Dokta" gaban suna, da muƙamin da aka naɗa shi. Ni a ganina ma'aunin ya kamata ya zama: wace matsala ya warware, wa ya ɗora aiki kan nasa, ɗalibai nawa ya horar? Yau an samu magungunan gilokoma da suka gaji fizostigmin, amma har gobe ƴan shimi na komawa ga aikin 1935. Wannan shi ne tasiri.

Ina da aboki mai lisansi a shimi, yau kabu-kabu yake yi. Ya ce mini sinadaran da ya taɓa da hannunsa ba su kai waɗanda ya haddace a allo ba. Alhali kullum muna shan sabara, kalgo da bedi, ba mu san awon da ke warkarwa ba, ba mu san wanda ke lahanta ƙoda ba.

Wani zai ce: "Haba, ga yunwa, ga rashin tsaro, kai kana zancen labo?" Na ji, kuma ban raina wannan hujja ba. Amma kuɗin da muke zubawa a farmasi kan maganin waje ma ramar aljihu ce, kuma wanda bai iya haɗa nasa ba, farashin da aka yanka masa shi zai biya. Tarayyar Afirka ta daɗe da sa wa ƙasashenta burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa kan bincike. Mu tambayi mahukuntanmu a fili: nawa aka ware bana, nawa ya isa labo a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa?

Ku kuma ƙannena da ke shirin bak, in shimi kuke so, kada dariyar fada ta karkatar da ku. Mu yayyenku, aikinmu ne mu matsa sai an sa muku kayan aiki a hannu.