Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Jami'o'inmu: A Samar Mana Da Masu Nazarin Turai

Zuwa ga shugabannin jami'o'in Zariya, Kano, Sakkwato, Yamai, Maraɗi da Damagaram.

 

Roƙo guda ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ina roƙon ku raini malamai da ɗalibai waɗanda ba su da wani aiki sai bin diddigin Tarayyar Turai: dokokinta, kotunanta, cinikinta da dabarunta na tsaro. Su riƙa karanta takardunta tun suna daftari, sannan su faɗa wa gwamnati da 'yan kasuwa da talakawa abin da ke ciki, da harshen da kowa zai ji.

Bari in fara da wake, domin shi ne ya fi kusa da tukunyarmu. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya ƙasashenta. Dalili shi ne maganin ƙwari mai sinadarin dikulobos, irin wanda muke kira fiya-fiya, wanda wasu ke zuba wa wake a rumbu ko a sito don kada ƙwaro ya ci. Dokarsu ta ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo, sai ga shi a wasu buhunan an sami har 4.6. Da farko na shekara guda aka ce, amma aka yi ta ƙara wa'adi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba dare ɗaya hukuncin ya faɗo ba. Turai na da tsarin shelar gargaɗi kan abinci, wanda ake wallafawa a intanet kowa ya gani, kuma an jima ana tsare waken namu a tashoshinsu ana rubuta sunan Najeriya kafin a rufe ƙofa. Da akwai wani malami a tsangayar noma ko ta shari'a wanda aikinsa ne ya leƙa wannan shafi kowane mako, da manyan dillalan Dawanau sun ji labari da wuri, da an matsa wajen yaɗa buhu mai ninki uku da ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba. Kuma waken da Bature ya ce guba ne, ai mu ne muka ci gaba da cin sa a ƙosai da alala.

Na biyu ya fi wannan zafi. An ƙulla yarjejeniyar Samowa ranar 15 ga Nuwamban 2023 tsakanin ƙasashe 27 na Tarayyar da ƙungiyar ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik. Ita ce magajiyar yarjejeniyar Kwatano ta 2000, wadda ita ma ta gaji ta Lome ta 1975. Najeriya ta sa hannu a ƙarshen Yunin 2024. Cikin 'yan kwanaki Arewa ta ɗauki zafi, aka ce an sayar da mutuncinmu, an amince da auren jinsi saboda dala biliyan 150. An yi huɗubobi, an yi tsinuwa, 'yan majalisa sun tashi. Daga baya ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta ce ta duba ba ta ga wannan sharaɗi ba. Ban zargi liman ko mai sauraron rediyo da ya firgita ba, domin mutum yana da haƙƙin ya yi kishin addininsa. Sai dai daftarin nan tun Afrilun 2021 aka kammala shi, shekara uku cur yana ajiye a fili. Akwai kalmomi a cikinsa, kan haƙƙin lafiyar jima'i da haihuwa da kuma hana wariya, waɗanda suka cancanci masanin shari'a ya zauna ya warware su, ya ce ga yadda Turawa ke fassara su, ga iyakar abin da za su iya ɗaure mu da shi, ga inda dokar ƙasa ta fi ƙarfinsu. Bayani na shafi goma da Hausa, daga hannun malamin da jama'a suka yarda da iliminsa da addininsa, da ya ba mu damar yin jayayya a kan abin da aka rubuta tun kafin sa hannu. Abin da muka yi ihu ne bayan hari, kuma rabin ihun a kan abin da babu shi.

Ku dubi Agadas kuma, ya ku malaman Nijar. A 2015 aka yi doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, a shekarar da shugabannin Turai da na Afirka suka haɗu a Baleta ta ƙasar Malta aka kafa asusun gaggawa don tare ƙaura. Da aka fara aiki da dokar, an kama direbobi, an ƙwace motoci, masu masauki da masu sayar da ruwa da jarkoki suka rasa abin yi. Matafiya ba su fasa ba, sai dai suka kauce wa rijiyoyin da aka sani suka bi hanyoyin da suka fi kisa. Cikin waɗanda suka fi bin wannan lamari da rubutu har da cibiyar Kilingendal ta ƙasar Holan, wato Bature ne ya zo ya auna wa gwamnatocinsa abin da manufarsu ta haifar. A Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta soke dokar, a watan da ya biyo baya ta sallami tawagar horar da jami'an tsaro ta Turai da ke ƙasar tun 2012. Ko mutum yana goyon bayan wannan mataki ko ba ya yi, wajibi ne a sami ɗan ƙasa da zai lissafa abin da aka samu da abin da aka rasa cikin waɗannan shekaru.

Su Turawa ba su taɓa wasa da sanin mu ba. Matafiyinsu Barth ya shigo Kano a 1851 ya rubuta har farashin kaya a kasuwa. Yau akwai cibiyoyin nazarin Afirka a Laidin da Bairot ta Jamus da Ufsala, ana koyar da Hausa a Hambug da Waso da Faris. Idan wakilinsu ya zauna da namu a teburin ciniki, a bayansa akwai ɗakunan karatu cike da rahotanni a kanmu. Ba laifi suka yi ba, haka mai hankali ke yi. Ƙasar Sin ma ta daɗe da kafa cibiyar nazarin Turai a makarantarta ta kimiyyar zamantakewa.

Kada a ce Turai dutse ce da ba ta motsi. Hukumar Tarayyar a Burasel ce ke kawo daftarin doka, majalisar dokoki da majalisar ministoci su amince, kuma kafin nan akan buɗe ƙofar jin ra'ayi wadda har wanda ba Bature ba yana iya aika nasa. Kotunsu da ke Lukzambog tana rushe abin da shugabanninsu suka ƙulla. A Oktoban 2024 ta soke yarjejeniyoyin kamun kifi da na amfanin gona da aka yi da Maroko, saboda ba a nemi yardar mutanen Yammacin Sahara ba, kuma ƙungiyar Folisariyo ce ta kai ƙara. Wanda ya san waɗannan ƙofofi yana iya shiga ya kare kansa.

Ga kuma abubuwan da ke gabanmu. Yarjejeniyar ciniki da aka kammala da Afirka ta Yamma a 2014, wadda ta nemi mu buɗe kashi 75 cikin ɗari na kasuwarmu cikin shekara 20, Najeriya ta ƙi sa mata hannu don tsoron masana'antunta, amma Gana da Kwaddibuwa suna aiki da tasu ta wucin gadi tun 2016. Yanzu da Nijar ta fita daga ECOWAS, wane ne ke lissafa yadda wannan zai shafi kayan da ke bi ta Maraɗi da Jibiya? Ga harajin hayaƙi da Turai ta ƙirƙiro a kan taki da siminti da ƙarfe da ake kai mata. Ga batun bututun gas da ake son ya ratsa Nijar zuwa Aljeriya, ga yuraniyom na Arlit.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Kada a fara da gini da allon suna. A fara da mutum biyar ko shida a kowace jami'a, daga shari'a, tattalin arziki, noma, kimiyyar siyasa da sashen harsuna, a rage musu nauyin aji, a ba kowa fanni guda ya riƙe shekara da shekaru. Jami'o'in Najeriya da na Nijar su haɗa hannu, tun da ɗaya na da Ingilishi ɗaya na da Faransanci, kuma Hausa ta haɗa su. Dokokin Tarayyar da hukunce-hukuncen kotunta duk suna intanet kyauta, don haka kuɗin littafi ba zai zama hanzari ba. A tura ɗaliban digiri na uku su yi bincikensu a Burasel kamar yadda nasu ke zuwa Zariya, su zauna a zauren majalisa, su yi hira da jami'ai da masu kamun ƙafa na kamfanoni.

Batun kuɗi yana son hattara. Tarayyar tana da shirin Jean Monnet da ke ba jami'o'in duniya tallafi don su koyar da darussa a kanta. A nema, babu laifi. Amma ginshiƙin kuɗin ya fito daga gida, daga asusun TETFund a Najeriya da kasafin gwamnati a Nijar, har da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da za su ci moriya. Mai binciken da albashinsa ke hannun wanda yake bincika, da wuya ya faɗi abin da zai ɓata masa rai.

Sannan a sa sharaɗi cewa duk binciken da aka yi, ban da muƙalar da za ta je mujallar ilimi don ƙarin girma, sai an fitar da taƙaitaccensa da Hausa, an kai gidajen rediyo, an aika wa majalisun malamai da shugabannin kasuwanni da kwamitocin majalisar dokoki. A kuma riƙa lissafa wannan aiki cikin abin da ake duba wa malami idan lokacin ƙarin girmansa ya zo, domin in ba haka ba babu wanda zai ɓata lokacinsa a kai.

Ina fatan za ku sa wannan magana cikin ajandar zaman majalisar dattawan jami'a mai zuwa.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya taya ku riƙo. Wassalam.

Naku,
Ɗalibinku mai kishin jami'o'inmu.