Kumburin Ƙwaƙwalwa Ba Ya Jiran A Tashi Kasuwa

Sanin kowa ne cewa Ladji, da ke bakin tafkin Nokoue a Kwatano, ba ta rabuwa da ruwa kwance, kuma inda ruwa ya kwanta nan sauro ke hayayyafa. Abin takaici, idan zazzaɓi ya kai yaro ga jijjiga da doguwar suma, da yawanmu sai mu ce iska ce, a shiga turare da tofi, asibiti sai an tashi kasuwa. Alhali sau da yawa ƙwaƙwalwarsa ce ke kumbura.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin jinin da cutar cizon sauro ta shiga sukan manne a ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, su toshe su. Bangon hanyoyin, wanda ke tace abin da zai shiga ƙwaƙwalwa, sai ya fara yoyo. Su kuma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da iskar numfashi ta yanke musu, sai su kasa fitar da gishiri, ruwa ya bi gishirin, su kumbura. Ƙafa in ta kumbura tana da wurin zuwa, amma ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya buɗewa. Matsin ya ƙara hana jini shiga, har ƙwaƙwalwa ta danne gindinta, inda ake sarrafa numfashi, numfashi ya tsaya.

Binciken da likitoci suka yi a Blantyre ta ƙasar Malawi, aka buga a 2015, ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 168 masu wannan cuta. Kashi 84 cikin ɗari na waɗanda suka rasu an same su da mummunan kumburi, a kan kashi 27 na waɗanda suka rayu.

Haka kuma buguwar kai a haɗarin ɗan kabu-kabu kan jawo kumburin, ko babu rauni a waje. Hular kwano ba don tsoron ɗan sanda kawai ba ce.

Don haka muna kira ga 'yan kasuwarmu, daga Dantokpa zuwa Seme da Malanbil: kafin tafiya fatauci a bar wa uwargida kuɗin asibiti da izinin fita. Yaro ya yi jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko ya ƙi farkawa, a kai shi nan take, addu'a a yi ta a hanya. A kwana cikin gidan sauro, a kai jarirai allurar rigakafin cutar, wadda Benin ta fara a 2024. Kaya na jiran mai saye, numfashin yaro ba ya jira.

Allah Ya kare mana zuri'a, amin.