Ba Kowace Ƙafa Inna Ta Sha Ba: Ciwon Lalacewar Tsoka da Nauyin da ke Kan Masana Hausa

Rabon da a samu ainihin cutar shan inna a Jihar Kano tun watan Yulin 2014, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ita daga nahiyar Afirka. Sai dai sunan bai gushe ba. A garuruwa irin su Toranke da ke Ƙaramar Hukumar Ajingi, da sauran ƙauyukan ƙasar Gaya, duk yaron da ƙafa ta gaza ɗaukar sa, kalmar da ta fi kusa da bakin jama'a ita ce shan inna, ko kuma a jingina abin ga iska. Ƙarƙashin wannan suna guda ake tattara cututtuka mabambanta, kuma ɗaya daga cikinsu ciwon gado ne da likitoci ke kira da sunan Guillaume Duchenne, likitan Faransa da ya siffanta shi a shekarun 1860.

Kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam tana da tanka a cikinta, wato saƙar sinadaran furotin da ke riƙe da siffarta. A ƙwayar tsoka akwai wani furotin, distirofin, wanda ke ɗaure wannan tanka da fatar ƙwayar, tamkar igiyar da ke haɗa zana da dirka. Duk lokacin da tsoka ta ɗage ta saki, shi ne ke hana fatar yagewa. Ƙwayar gadon da ke ba da umarnin samar da shi tana cikin mafiya girma a jikin mutum. An gano ta a 1986 a ɗakin binciken Louis Kunkel da ke Boston ta Amurka, aka gano furotin ɗin kansa a 1987. Idan ƙwayar gadon ta samu tangarɗa, ba a samun distirofin, sai tsoka ta riƙa mutuwa sannu a hankali, kitse da tabo su maye gurbinta.

Bambancinsa da shan inna a fili yake ga wanda aka koya wa dubawa. Shan inna kan zo farat ɗaya bayan zazzaɓi, kuma yakan fi kama ɓangare guda. Shi kuwa wannan ciwo lallaɓowa yake yi, ya kama ɓangarorin biyu tare. Tsakanin shekara 2 zuwa 5 yaro kan fara yawan faɗuwa da tafiya a kan yatsu, sha-raɓarsa ta yi kauri kamar ta mai ƙarfi, kuma in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa da cinyoyinsa. In ba a yi magani ba, yawanci tafiya kan gagara wajen shekara 12, daga bisani ciwon ya kai ga zuciya da numfashi. A ƙiyasin duniya, yana kama kimanin ɗa namiji 1 cikin 3,500 zuwa 5,000. Ba a warkewa, amma magunguna irin su firedinisolon da motsa gaɓɓai suna tsawaita shekarun tafiya, muddin an gane ciwon da wuri. Gwajin jini mai sauƙi ne ke fara nuna shi.

Wahalar ta fi tsanani a wajen bayanin gado. Ƙwayar tana kan silin gado na X, wanda ɗa namiji ke karɓa daga mahaifiyarsa kaɗai. Uwar da ke ɗauke da ita galibi lafiyarta ƙalau, amma kowane ɗa namiji da za ta haifa yana tsakanin ya kamu ko ya tsira, rabi da rabi. Shi ya sa tambayar da ta dace ga iyali ita ce ko an taɓa ganin irin wannan ga kawun yaron ko ’ya’yan innarsa maza. To amma idan ma'aikacin lafiya ya taƙaita maganar da cewa “daga uwa ne”, a gidan da ake da kishiya da surukai, ya ɗora wa mace laifin da ba ta yi ba, mai yiwuwa har ya kashe mata aure. Alhali kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon sabuwar tangarɗa ce, ba a gaje ta daga kowa ba. Haka nan ba auren zumunci ke kawo shi ba, kuma gwajin rukunin jini da dokar Jihar Kano ta 2024 ta wajabta kafin aure amosanin jini yake tantancewa, ba ya ganin wannan.

Ana iya cewa ciwon ba shi da yawa, kuma ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa tana da abin da ya fi shi gaggawa. Gaskiya ne. Sai dai kalmomin da za a samar dominsa, na ƙwayar gado da mai ɗauke da ita da yiwuwar kamuwa, su ne dai ake buƙata wajen bayanin amosanin jini, wanda ya addabi dubban gidaje.

Masana Hausa sun taɓa yin irin wannan aiki. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya samar wa nazarin harshe da adabi kalmomin da ake koyarwa da su har yau. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da likitocin yara na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk a birni ɗaya suke. Ya kamata su zauna su tsayar da suna ga wannan ciwo da jimlolin bayaninsa, sannan a kai su asibitin Gaya da ɗakunan shan magani na Ajingi a gwada su a kunnen iyaye mata da ungozoma. Kalmar da uwa a Toranke ta ji ta gane, ba tare da ta ji an zarge ta ba, ita ce ta cancanci shiga ƙamus.