Daga Bakin Asusu: Amarya ta isa Kanada, yaushe za ta fara aiki?

 

Maganar wannan karon ta taso ne a wani zaman asusu da na halarta. Wata uwa ta nemi rance mai nauyi don ta cika wa ɗiyarta kuɗin jirgi zuwa wurin mijinta a Kanada. Da ma'aji ta tambaye ta yadda za ta biya, sai ta ce: "Haba, ai da ta sauka za ta kama aiki, wata biyu ta aiko." Aka yi tsit, kowa na kallon tabarma. Babu mai son ɓata mata rai, amma kuɗin nan guminmu ne duka, na mai ƙosai da na mai ƙuli-ƙuli. Shi ya sa na ga ya dace mu san yadda dokar can take kafin a buɗe akwati.

Wanda ke da takardar zama na dindindin a Kanada, ko ya zama ɗan ƙasa, yana iya ajiye dosiye a ma'aikatar shige da fice, wadda ake kira IRCC, ya ɗauki nauyin matarsa ita ma ta samu zama. Yana sa hannu cewa ci da sha da suturarta na wuyansa har shekara 3 daga ranar da aka ba ta takardar. Amsa ba ta zuwa da wuri. A sa rai da shekara guda ko fiye, a lardin Kebek kuwa, inda yaranmu suka fi sauka saboda Faransanci, akwai ƙarin mataki na gwamnatin lardin, jiran ya fi tsawo.

To a cikin jiran nan me mace za ta yi? In tana nan gida Nijar, babu wata takardar aiki da ta shafe ta. Ta ci gaba da sana'arta da zubinta. Ranar da aka amince ta sauka can da matsayin mai zama na dindindin, tana iya neman aiki ba tare da wani izini na daban ba.

In kuwa ta tafi da bizar ziyara tana zaune da mijin, a nan ake yawan kuskure. Bizar ziyara ba ta ba da damar aiki. Abin da ake nema sunansa "permis de travail ouvert", wato izinin aiki buɗaɗɗe, wanda bai ɗaure ki da uban gida ɗaya ba. Tun ƙarshen 2014 Kanada ke ba matan da ake ɗaukar nauyinsu daga cikin ƙasar, a 2023 kuma aka faɗaɗa shi. Sharuɗɗan su ne ki kasance a cikin Kanada, gida ɗaya da mijinki, zamanki na wucin gadi bai lalace ba, sannan IRCC ta aiko da wasiƙar da ke cewa ta karɓi dosiyenku cikakke, "accusé de réception". Wasiƙar nan kanta tana ɗaukar lokaci. In an manta sa hannu a shafi ɗaya ko an bar wata takarda, dosiyen gaba ɗaya ake maidowa, a koma farko.

Kuɗin neman izinin dalar Kanada 155 ne, da ƙarin 100 saboda buɗaɗɗe ne, duka 255, wato jika ɗari da ɗoriya a kuɗinmu. In ba a taɓa ɗaukar zanen yatsunki ba, akwai wasu dala 85. Ta intanet ake cikewa. Kuma ajiye buƙata ba samun izini ba ne: wadda ta shiga da ziyara ba ta fara aiki sai takardar ta fito, shi ma jiran watanni ne. Bayan ta fito sai a nemi lambar inshora ta ma'aikata, wadda babu kamfanin kirki da zai biya albashi ba tare da ita ba. Ku haɗa lissafin da kanku. "Wata biyu ta aiko" ba ya cikinsa.

Na san abin da wata za ta ce: ai kitso ne kawai a cikin ɗaki, ko raino, wa zai gani? Ƴar uwa, aikin da aka biya ki kuɗi a kansa aiki ne a idon dokarsu. Na ji ana cewa kowa na yi. Mai yiwuwa ne, amma ba kowa ke da dosiye a gaban hukuma ba. In aka tambaye ki kika ɓoye aka gano, ƙarya a takardun shige da fice tana jawo hanin shiga ƙasar har shekara 5. A ganina kuɗin kitson kai goma bai kai a yi cacar aure da zama a kansa ba.

Akwai kuma kwanan wata da ya kamata amarya ta riƙe kamar ranar zubi. Mai ziyara yawanci wata 6 ake ba ta. Ajiye dosiyen ɗaukar nauyi ba ya tsawaita wannan da kansa, sai an nemi ƙari kafin ya ƙare. A duba paspo ma, don ba a ba da izinin da ya wuce ranar mutuwarsa. Wadda ke son aikin kula da yara ko marasa lafiya kuma sai likitan da IRCC ta yarda da shi ya duba ta, in ba haka ba za a rubuta a jikin takardar cewa ba ta da damar irin wannan aikin.

Yanzu ga wadda ta fi damuna, don ta taɓa al'adarmu kai tsaye. Mu nan ango na Montreal, a ɗaura aure a Maradi ko Damagaram, wakili ya karɓa masa, a raba goro da dabino, aure ya ɗauru. A addini babu gardama. Amma tun 2015 Kanada ba ta karɓar auren da aka ɗaura ta wakilci ko ta tarho ko intanet a dosiyen ɗaukar nauyi, tana son ango da amarya su kasance a wurin da jikinsu. Don haka in surukinku ya zo hutu, a je mairi su biyun a yi na hukuma, a karɓi takarda, a ɗauki hotuna a adana. Dole amarya ta cika shekara 18. Kuma dokarsu ba ta san mace ta biyu ba: mai mata a gida, ko a can, ba zai iya ɗaukar nauyin amarya a matsayin matarsa ba muddin auren farko na nan. Iyaye su yi wannan tambayar tun kafin a karɓi sadaki, ba kunya a ciki.

Masu cewa "kawo jika ɗari biyar in fito miki da izini a sati biyu" kuwa, ku tambaye su lambar lasisinsu. A dokar Kanada lauya, ko mai ba da shawara da ke da rajista a can, ko notar na Kebek, su ne kaɗai aka yarda su karɓi kuɗi don wakiltar mutum. Takardun cikewa kyauta suke a shafin gwamnati, da Faransanci, ɗiyar da ta yi lakwal tana iya karantawa tare da mijinta.

Abu ɗaya ku faɗa wa ɗiya a kunne kafin ta hau jirgi. In zama ya yi tsami har ya kai ga duka ko tsoratarwa da "zan janye takardunki", kada ta ɗauka ba ta da mafita. Tun 2019 Kanada na da izinin zama na musamman ga wadda ake cuta a gidan aure alhali matsayinta ya dogara ga mijin, ba a biyan kuɗi a neman farko, kuma yana buɗe hanyar aiki. Ta riƙe paspo ɗinta a hannunta, ku ma ku ajiye kwafi a gida.

Ita uwar da na faɗa muku, ƙungiyarta ba ta hana ta ba. An tambaye ta nawa za ta iya biya daga cinikin turarenta, ba tare da an sa ko dala ɗaya daga Kanada a lissafi ba. Abin ya zo rabin abin da ta nema, shi aka ba ta, aka ce sauran surukin ya cika tunda shi ya sa hannu a kan nauyin. Ta ɗan ɓata fuska, ta karɓa, sakatariya ta rubuta a littafi.

Sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.