Idon Karkara: Ƙwarin da ke bin icce mai ƙishirwa

Duk wanda ya bi hanyar Agiye zuwa Gazawa ya san inuwar kasuwanninmu da ta makarantu da ofisoshi kusan duka ta icce guda ce, wato dogon yaro. Wannan abin dubawa ne.

A ƙasar Kanada, tun daga ƙarshen shekarun 1990, wani ƙwaro da bai wuce ƙwayar shinkafa ba ya ɓata dajin pin, itatuwan nan masu ganye kamar allura, fiye da hekta miliyan 18 a lardi guda. Ɓawo yake hudawa ya yi ƙwai a ciki, tsutsarsa ta cinye hanyar da abinci ke bi a jikin iccen. Icce mai lafiya yakan fitar da ƙaro ya toshe masa hanya, amma wanda fari ya galabaitar ba ya da ƙarfin yin haka. Kuma da yake dajin iri guda ne, ƙwaron bai rasa abinci ba.

Kada a ce labarin Turawa ne. Cikin shekarun 1980 wani ƙanƙanin ƙwaro mai lafewa a ganye yana tsotsar ruwansa ya auka wa dogon yaro a yankin tafkin Cadi, har da gabashin ƙasarmu. A 1990 kuma sai ga dogon yaro yana zubar da ganye a Nijar, rassansa suna bushewa. Masanan da suka zo bincike sun fi ɗora laifin a kan ƙarancin ruwa da halin ƙasa.

A ganina talakawan karkara sun riga ma'aikata gane maganin. Sassaben zamani, wanda ya faro a jihar Maradi a 1983 kuma ya yi ƙarfi a Ɗan Saga cikin ƙasar Agiye, ba iri guda yake rayawa ba: gawo ne, da kalgo, da sabara, da aduwa, kowane da saiwarsa da ta saba da farinmu. Da wuya ƙwaro guda ya gama da su baki ɗaya.

Saboda haka, ranar 3 ga watan Agusta mai zuwa, magadan gari da ma'aikatan gandun daji su cuɗanya irin da za a dasa, a kuma sa mai ba shi ruwa da rani. Ku kuma ƴan kasuwa masu lodin itace da ƴan dashe daga wata jiha, ku duba ɓawo da bayan ganye kafin mota ta tashi.